Makullin Rijiyoyin Malawi

Injiniya Dalhatu bai taɓa taka ƙasar Malawi ba, amma shi ke ba mutanen wata gunduma a can ruwan sha. Yana yin haka ne daga wani ofis mai sanyi a unguwar Ulaya, cikin birnin Riyad, inda wata gidauniyar agaji ta ɗauke shi aiki. Gidauniyar ta haƙa rijiyoyin burtsatse sittin da 'yan kai a ƙauyukan bakin tafki, kowace da injin sola, kowace da sunan mamacin da iyalinsa suka gina ta don lada ta riƙa isa kabarinsa. Kamfanin da ya kafa injinan ya yi musu wata dabara. Da zarar inji ya shaƙi iska ko yashi sai ya kashe kansa, kuma ba ya sake tashi sai an buga masa lambar sirri. A jikin kowane inji akwai madannai na buga lambar, amma an rufe su. Daga kwamfutar Dalhatu kaɗai ake tayar da inji, ita kuwa dokar ofis ta hana a fita da ita. An tsara haka ne, in ji mudir, shugaban ofishin, don kada mutanen ƙauye su taɓa abin da ba su sani ba.

A bangon ofis akwai babban allo mai ɗige-ɗige. Kore yana nufin ruwa na zuba. Ja yana nufin mata sun koma tafki da bokitai. Mudir yana ƙaunar allon nan, duk mai hannu da shunin da ya zo ziyara nan ake fara kai shi, a nuna masa ɗigon mahaifinsa, ya yi kabbara, a ɗauki hoto.

Bisa ƙa'ida, ko Dalhatu ya ga ja da idonsa ba zai tayar da inji ba sai an tabbatar masa daga can cewa bututu bai fashe ba. Tabbacin yana tasowa daga kwamitin rijiya zuwa kansilan mazaɓa, daga kansila zuwa majalisar gunduma, daga nan zuwa ma'aikatar ruwa a Lilongwe, babban birnin ƙasar, sannan ya tsallako teku. Riyad tana hutu Juma'a da Asabar, Malawi tana hutu Asabar da Lahadi. Injin da ya zaɓi ya mutu ranar Alhamis da yamma, to ya zaɓi rana.

Wani kansila mai suna Mbwana, tsohon hedimasta, shi ne ya gaji. Ya samo lambar wayar Dalhatu a wurin wani makanike, ya fara kiransa kai tsaye, da Turancinsa na malaman da, haɗe da ɗan Larabcin da ya tsinta a makarantar masallaci. In ya ce bututu lafiya, Dalhatu ya tayar da inji. Mudir ya sani, amma tunda allon ya ƙara kore, sai ya ga bai ga komai ba.

Wata rana bayan an tayar da wani inji, Mbwana bai kashe waya ba.

"Injiniya, shekara da shekaru muna kokawa da Lilongwe ta sakar mana ikon ruwa, tunda doka ta ce aikin ƙananan hukumomi ne. Ranar da suka saki, har akuya muka yanka. Da muka duba, ashe ikon waɗannan rijiyoyin ba ya hannunsu tun asali. Yana wurinka. To kai kuma ta wace ƙuri'a za mu sauke ka?"

Dalhatu ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa. Mahaifinsa ya yi sakatare a wata ƙaramar hukuma a gida Najeriya, ya yi ritaya yana jiran izini daga babban birnin jiha don gyara kwalbatin da ke ƙofar ofishinsa. Kowace damina sai ya tuɓe takalmi ya ratsa ruwa ya shiga ya rubuta takardar tuni. Dalhatu ya tashi yana tsine wa mutanen babban birni waɗanda ba su taɓa jiƙa ƙafa ba. Yanzu ga shi zaune a ƙarƙashin iyakwandishan, shi ne babban birnin wasu.

Babbar Salla kuma ta matso, lokacin da ofis ke rufewa dogon hutu. Bara a irin wannan hutun, rijiyar da ke ba wani ƙaramin asibiti ruwa ta mutu tun ranar Arfa. Da Dalhatu ya dawo aiki ya tarar da ita ja, Mbwana kuma ya gaya masa, ba tare da ɗaga murya ba, cewa da ruwan tafki unguwarzoma ta yi ta wanke masu haihuwa. Dalhatu ya ƙudurta a ransa bana ba za a maimaita ba.

Ya shiga wurin mudir ya yi bayani. Aikin ba shi da wuya: a buɗe madannan kowane inji, a ba mutanen wurin lambarsu, shi ke nan. Allon zai ci gaba da nuna kore da ja, masu kuɗi su ci gaba da hoto. Abu ɗaya ne zai canza, Riyad ba za ta ƙara riƙe makulli ba.

Mudir ya saurare shi har ƙarshe, yana jan carbi. Ya ce za su ɓata injinan. Ya ce kansilolin Afirka, ai Dalhatu ya fi shi saninsu. Ya ce a kafa kwamiti bayan Salla. Da ya ga mutumin bai tashi ba, sai ya ajiye carbin, ya kira shi da muhandis, wato injiniya.

"Ya muhandis, mu yi maganar gaskiya. Aikinka a nan shi ne wannan makullin. In ka ba su, da wane dalili zan sabunta maka iƙama?"

Iƙama ita ce takardar zama a ƙasar, kuma a jikin ta Dalhatu aka rataya ta matarsa Indo da ta 'yarsu Hanan. Ya ce ya yi tunanin wannan. Mudir ya ce to ya ƙara yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, abokinsa Ghali, wani Bazazzagi mai haɗa magunguna a asibiti, ya biyo shi gida a unguwar Gubaira cin abinci. Indo ta yi shinkafa da miyar taushe, domin ta rantse ba za a ci kabsa, shinkafar Larabawa, a gidanta ranar Juma'a ba. Da Ghali ya ji labari sai da ya ajiye cokali. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ɗan Najeriya da aka ba makulli yana neman wanda zai miƙa wa ba, ya kamata a kai Dalhatu gidan tarihi a sa a gilashi. Ya ce ko shugaban ƙungiyarsu ta 'yan gida a nan Riyad, wa'adinsa ya ƙare tun kafin korona, har yau ana neman kundin tsarin mulkin. Ya ba shi shawara ya nemi izinin shigowa ofis lokacin hutu, a raba gardama.

Dalhatu ya ce ya nema, an hana. Ko an ba shi ma, ranar da ya kwanta ciwo fa? Ranar da ya mutu?

"Ranar da ka mutu sai a haƙa rijiya da sunanka," in ji Ghali. "A kawo wani Ba'indiye ya riƙe makullin."

Bayan Ghali ya tafi, Indo ta zauna gefensa. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tuna masa Hanan saura mata shekara guda ta gama sakandare, kuma yarinyar da ke kiran ludayi da sunan Larabci ba za a jefa ta ajin ƙarshe a gida Bauchi ta ji da daɗi ba. Hanan tana ɗaki tana waya da ƙawarta, Larabcinta yana zuba kamar na 'yan gari.

"Baban Hanan, mutanen nan ko fuskarsu ba ka sani ba."

"Su ma ba su san tawa ba. Amma in na yi mura sai su sha ruwan tafki."

Indo ta tambaye shi ko akwai wanda ya fi mudir a gidauniyar. Ya ce akwai mai ita, Shaihu Abu Sultan. Ta ce to in zai jefa su a rami, ya je wurin mai ramin, kada ya tsaya wurin mai gadi. Ta kwashe kwanuka.

Shaihu Abu Sultan tsoho ne da ya fara da tallan tumatir a kasuwar Aziziya kafin Allah ya buɗa masa. Ba ya zuwa ofis. Amma kafin kowace Salla yakan zauna a majalisinsa bayan la'asar, ma'aikata su zo gaisuwa a jere, a sha gahawa, a ci dabino, a yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Ba a kawo maganar aiki a wurin. Ma'aikaci baƙo kamar Dalhatu wurinsa can ƙarshen layi ne, kusa da takalma.

Akwai wata tsohuwar al'ada ta Larabawan ƙauye da Dalhatu ya taɓa gani a wani ɗaurin aure. In baƙo ya zo da buƙata mai nauyi, irin neman aure ko neman afuwar jini, sai ya karɓi finjalin gahawa ya ajiye a ƙasa bai sha ba. Maigida ba zai bar finjali ya huce a gabansa ba, abin kunya ne. Dole ya tambaya, kuma baƙon ba ya sha sai an ce masa ya sha, an biya buƙata. Abin na manyan dangi ne. Babu wanda ya taɓa jin an yi shi a kan injin famfo.

Ranar gaisuwar bana Dalhatu ya zauna a ƙarshen layi, mai zuba gahawa ya zo kansa. Dalhatu ya karɓa da hannun dama, ya sunkuya, ya ajiye finjalin a kan darduma.

Da farko mai zubawar ne kaɗai ya lura, ya tsaya da butar a hannu. Daga nan hirar ta fara mutuwa daga ƙarshen layi zuwa sama. Mudir ya yi masa wani kallo mai kama da takardar sallama. Tsohon ya ɗago, ya gyara tabarau, ya tambayi wane ne wancan. Aka ce muhandis ɗin rijiyoyi ne, ɗan Najeriya.

"Ɗan Najeriya, wa ya koya maka wannan?"

"Zama da ku, ranka ya daɗe."

"'Ya'yana mata duk sun yi aure," in ji tsohon. Aka yi dariya kaɗan, ta ladabi. "Me kake so?"

Dalhatu ya faɗa a taƙaice, da Larabcinsa na ofis. Ya faɗi yadda inji ke kashe kansa, da inda lambar take, da asibitin bara. Ya ce rijiyar asibitin ita ce mai sunan mahaifiyar Shaihu. Wannan gaskiya ce, kuma ya san nauyinta, shi ya sa ya bar ta ƙarshe. Tsohon ya juya ga mudir ya tambaya ko haka ne, tsawon hutun bara ruwa bai zuba da sunan mahaifiyarsa ba. Mudir ya ce akwai tsari. Tsohon ya ce ba tsari ya tambaya ba.

Sannan ya dawo kan Dalhatu, domin tsohon ɗan kasuwa ne, ba ya sayen kaya bai juya ƙasansa ba. Ya tambaya ko mutanen ba za su ɓata injinan ba.

"Za su ɓata wasu, ranka ya daɗe. Mu ma muna ɓatawa. Sai dai mu in mun ɓata ba mu ke jin ƙishirwa ba. Mu a wurinmu ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"To kai fa? In sun riƙe makulli, mene ne aikinka?"

"Babu."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Dalhatu ya yi zaton a nan ne za a ce irinka ba a sakinsa, a nema masa wata kujera. Shaihu bai ce haka ba. Ya ce shi bai taɓa biyan mutum don ya zauna ba, ko ɗansa ne. Ya ce gidauniya ta marayu ce da matattu, ba ta injiniyoyi ba. Sannan ya nuna finjalin da haɓa.

"Sha gahawarka."

Ta riga ta huce. Dalhatu ya shanye.

Ya ɗauka wuyar aikin ta wuce. Ashe tana gaba. Da labari ya isa Malawi, ma'aikatar ruwa ta aiko da godiya mai tsawo, ta yaba da wannan babban mataki na miƙa iko ga jama'a, ta kuma nemi a turo mata lambobin duka ta adana su a Lilongwe. Washegari babban jami'in gunduma ya kira, ya ce ma'aikatar ta yi nisa da jama'a, abin da ake ta faɗa ke nan, saboda haka a turo lambobin ofishinsa. Dalhatu ya lura kowa na goyon bayan a sauko da iko ƙasa, muddin ƙasan ta tsaya daidai kan teburinsa. Ya amsa wa duka biyun da ladabi, ya ce za su sami kwafin rahoto.

Sai Mbwana. Ya kira yana murna, ya ce tarihi zai tuna da Dalhatu. Ya ce ya riga ya share wuri a wayarsa, a turo lambobin mazaɓarsa.

"Ba wayarka za su ba, Kansila. Kowace rijiya, kwamitinta."

"Matan nan? Injiniya, rabinsu ba su iya karatu ba."

"Lamba ce, ba jarida ba. Suna buga lambar 'ya'yansu a waya."

"Ni jama'a suka zaɓa."

"Na sani. In ka tafi taro gunduma da wayar fa? In ta faɗa ruwa? In ƙauyen da bai zaɓe ka ba ne injinsu ya mutu?"

Mbwana ya ce wannan cin fuska ne, shi da ya yi shekaru yana bin rijiyoyin nan a kan keke. Dalhatu ya ce ya sani, kuma ba don shi ba da ba a zo nan ba. Ya ce aikin kansila yana nan: shi zai tsaya a majalisa a ware kuɗin gyara, shi zai samo makanike, shi zai raba rigima. Amma tayar da inji na mai bokiti ne. Ya ce shi ya saki nasa, kuma ya san abin da sakin ya ci masa, don haka ba zai cire makulli daga aljihu ɗaya ya zura a wani ba. Mbwana ya kashe waya.

Dalhatu ya zauna da jerin rijiyoyi ba shi da hanyar isa ga ko ɗaya, domin duk lambobin wayar matan suna hannun kansila, ga hutu ya ƙarato. Ya fara bi ta wurin makanike, ta wurin unguwarzomar asibiti, ta wurin wani limami. Aikin na tafiya kamar jan akuya zuwa kasuwa. Ana cikin haka Mbwana ya sake kira, muryarsa a bushe. Ya ce yana gindin rijiyar asibiti tare da shugabar kwamiti, Abiti Juma, zai yi tafinta. Ya ƙara da cewa ba don ya yarda ba ne.

Haka suka bi ƙauyukan, Mbwana a kan kekensa, Dalhatu a kan kujerarsa. Kansilan ya ja hankalin takwarorinsa na sauran mazaɓu, wasu da lallashi, wasu da gori. A kowace rijiya Dalhatu ya buɗe madannai, a kashe inji da gangan, mace ta duba bututu, ta buga lamba, a ji ruwa ya taso. Mata biyu ake ba lambar a kowane wuri. Da za a faɗa, Mbwana yakan miƙa wayar ya ja da baya, Dalhatu ya karanto da Turanci ɗaya bayan ɗaya. Abiti Juma ta sa an tambaye shi, in ta buga ba daidai ba me zai faru. Ya ce inji zai jira ta sake. Ta tambaya wa za su sanar kafin su tayar. Ya ce babu kowa. Ta sa aka maimaita tambayar, don tana zaton tafinta ne ya rage wani abu.

Ba a gama duka ba. Ƙauyuka uku babu sabis, ɗaya kuma kwamitinsa ya rabu biyu a kan wata tsohuwar rigimar gona. Waɗannan Dalhatu ya buɗe madannansu ya bar lambobin a hannun makaniken gunduma, ransa bai so ba.

Ranar da za a rufe ofis mudir ya kira shi. Ya yi masa barka da Salla, ya ba shi kwalin dabino mai tsada, ya sanar da shi cewa kwangilarsa ba za a sabunta ba. Gidauniya, don karamci, ba za ta hana shi komawa hannun wani kafili, wato wani ubangidan aiki da zai tsaya masa, ba in ya samu kafin iƙamarsa ta ƙare. Ya yi masa fatan alheri, kuma da alama har zuciyarsa.

Sun yi Salla a Gubaira, su uku da Ghali, wanda ya zo da cinyar rago da sunayen kamfanoni biyu, yana cewa don Hanan ya kawo ba don mahaukacin ubanta ba. Indo ta karɓo kwalaye a kantin unguwa ta jingine su a bayan firji, amma ta ce ba za ta ɗaure ko cokali ba sai ya zaga Riyad kaf.

Kamfanin farko suka ce shekarunsa sun yi yawa. Na biyu suka ce iliminsa ya yi yawa. Da ya fito daga nan rana ta take, sitiyarin mota ba ya taɓuwa. Ya naɗe hannu da hankici, ya kira Indo ya ce kada a jira shi da abinci. An ce masa akwai wani mai ɗakunan sanyaya kayan gwari a Aziziya da injinansa ke yawan tsayawa. Ya tayar da mota ya nufi kudu.